Abin da Na Roƙa Kafin Wasanku na Ƙarshe

Zuwa ga jikana Usman, can Ostiraliya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Sa'adatu maƙwabciyata ce ke rubuta mini. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara.

Maigidana, akwai maganar da na haɗiye shekara huɗu, ta ƙi wucewa.

Ka tuna shekarar da ƙungiyar garinku ta tashi daga ta baya? Ƙwallon nan naku mai kamar gwanda, da ake runguma a ruga, a buga tsakanin sanduna huɗu. Duk Asabar sai ku je wani ƙauyen masu tumaki ku ci su, ka turo mini hoto a waya, laka har wuya. Ina bakin tiren gyaɗata a unguwarmu ta Mansur, nan kusa da Harami, ina nuna wa mata. Ka kan ce, "Amarya, garin nan har tsofaffi sun san sunana."

To wannan maganar ce ta tsorata ni. Na ce wanda gari ya san sunansa, ai ba zai dawo ba.

Da kuka kai wasan ƙarshe, ka ce in je Harami in yi ɗawafi in roƙa muku nasara. Na je. Na zaga bakwai cif. Amma wallahi, ya waladi, yarona, ba nasara na roƙa ba. Cewa na yi, Allah Ka raba yaron nan da ƙwallo.

Ranar ka yi tsalle ka faɗo kan gwiwa. Aka cinye ku. Daga asibiti ka kira ni, ka ce ba don addu'ata ba da abin ya fi haka. Na yi shiru, ka zaci kuka nake.

Malamai sun ce mini ƙaddara ce. Na yarda. Amma ni na san abin da bakina ya faɗa.

Hoton sallar Idi da matarka ta turo, na ga kana salla kan kujera. Ni da tsufana ina kai goshi ƙasa, kai ba ka iyawa. Kuma ba ka dawo ba ɗin.

Ka yafe mini, Usmanu. Jiya na koma, na sake bakwai, na roƙi gwiwarka kawai. Allah Ya ba ka lafiya, Ya bar ka inda aka san sunanka.

Ka kira ni, ko faɗa ne ka yi.

Kakarka,
Inna Ta Mansur