Kada Ka Ba Ni Izinin Shiga Teku

Zuwa ga Tanielu, farin watana, sanyin ruwan kwakwar da aka saro da sassafe, iskar da ke kaɗa labulen zuciyata!

Gaisuwa gare ka mai faɗin tekun da ya raba tsibirinmu Savai'i da gonar tuffar da kake aiki. Wai kewata na damunka kuwa? A littattafan da nake karantawa masoyi ramewa yake yi, amma a hoton da ka turo kumatu na gani. Na yafe, sau ɗaya tak.

Ni kam, tun da cikin nan ya kai wata shida na zama kayan gari. Duk matar da na gamu da ita a hanyar coci sai ta latsa ni, kamar mai tayin gwanda. An cire min sarƙar furanni, wai cibiya za ta naɗe wuyan jariri. Ba na taka ko'ina ni kaɗai saboda iskoki, Gwaggonka Fuatino na biye da ni har ƙofar banɗaki. "Ke sarauniyar karatu, taka a hankali," in ji ta, "ba naki kika ɗauko ba, namu ne!" Na ce, "To Gwaggo, karɓi naku ki riƙe min zuwa la'asar, bayana ya huta." Ta yi dariya har da hawaye, amma ba ta koma gida ba.

Duk wannan na shanye da murmushi. Teku ne kawai na kasa haƙura da shi. Ka tuna ranar da muka yi iyo har bakin duwatsun murjani, ka buɗe baki za ka ce kana sona, igiyar ruwa ta cika maka shi? Da tari ka ƙarasa maganar, amma wace waƙa ce ta kai tarin nan daɗi? Yanzu a ruwan nan kaɗai bayana ke daina ciwo. Ungozomar asibiti ta ce ba laifi in dai ba zurfi. Mama, mahaifiyarka, ta ce ungozoma ba ta san iskokin garinmu ba.

Ranar Talata Gwaggo na gyangyaɗi bayan abincin rana, na sulale. Wayyo Tanielu! Ruwa ya ɗauke ni kamar ganye, nauyi ya sauka, na tuna ashe ni ce dai Tiresa. Da na ɗago kai, mata bakwai ne a gaɓa, kowacce hannu a ƙugu.

Dangi sun zauna, sun ce miji ne zai raba gardama. Mama za ta kira ka ranar Lahadi bayan coci.

Ga roƙona, ya sanyin idona. Na san halinka, za ka ce, "Ku bar ta ta shiga, na yarda." Don Allah kada ka faɗa! In ka ba ni izini, ka tabbatar musu jikin nan yana da mai shi, tafiya ce kawai ya yi. Ka ce, "Mama, ai Tiresa na kusa da ke, ki tambaye ta." Daga nan ka kame bakinka, komai tsawon shirun. Sauran ka bar min. A zaune zan amsa mata, kaina a ƙasa, yadda aka tarbiyyantar da mu, amma da bakina.

Zuciyata kuwa, ba zaman dangi ne ya yanke a ba ka ita ba. Ni na miƙa maka da hannuna, shi ya sa babu mai ƙwace ta.

Taka, har tsufa ya tanƙwara mu tare,
Tiresa