Hannun da Ka Miƙo Mini a Kan Dutse

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ka ga abin da sabo ke jawowa, ina gaishe ka kamar ka je Kano ne za ka dawo da la'asar. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, ba kuma mai karanta maka ita. In na gama zan ninke ta in sa a aljihun jakar da muka je Indiya da ita. Amma akwai maganar da ta daɗe tana cina, na gaji da dakonta, kuma kai kaɗai ka cancanci ka ji.

Bari in fara da labarin gida. Na fita takaba tun cikin bazara. An yi ruwa sau uku, an yi shuka, gero har ya fara leƙowa. Ƙaninka Malam Sani ya riƙe makarantar, yara ma sun ƙaru, sai dai muryarsa ba ta kai taka ba, ba na jin karatun daga tsakar gida kamar da. 'Yarmu Sa'adatu ta sauka lafiya, namiji, an mayar masa da sunanka, muna ce masa Halifa. Babban ɗanka ya matsa in koma wurinsa Kano. 'Yan'uwana kuma sun ce in tattara in koma Kabo. Kowa ya samo inda zai ajiye ni kamar tsohuwar randa, ni kuwa ko amsa su ƙyuya nake ji. Gwiwa ta sa ni gaba, jini ya hau, likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa. Da ya faɗi haka sai da na yi dariya, don maganar da aka yi maka ce aka juyo mini da ita.

Ka tuna Indiya? Shekara uku ke nan. Bayan an yi maka aikin zuciya, likita ya ce mu ƙara sati uku a garin, ka riƙa tattaki kullum. Kai da zaman ɗaki ba kwa shiri. Mai adaidaita sahun da ke kai mu asibiti ya ba ka labarin wani tsohon wurin bautarsu da aka sassaƙa a kan dutse, ka dawo kana ta ɗoki kamar yaro ranar sallah. Ni kuwa na ce ba inda za ni. Malamin Islamiyya guda a gidan gumaka? In labari ya isa Gwarzo da wane ido za mu kalli mutane? Ka ce ba sujada za mu yi ba, kallo za mu yi, kuma mai hankali yakan duba abin da mutanen da suka bari ya ɗau darasi. Na bi ka ne kawai don kada ka faɗi a hanya ba kowa kusa da kai.

A bakin ƙofa aka ce mu cire takalma. Ka yi ta tsokanata wai ashe su ma sun san ladabi. Ba wanda ya gaya mana dutsen ya sha rana. Ina taka shi na ji kamar na sa ƙafa a kaskon tuya, na dinga tsalle-tsalle da girmana, biri kuma ya zo ya fizge ayabar da na riƙo maka. Ga matattakala ba iyaka. A nan ne ka kama hannuna. Shekara talatin da ɗaya da aurenmu, ba ka taɓa riƙe mini hannu a gaban jama'a ba sai ranar. Na waiga hagu na waiga dama. Ba wanda ya kula da mu. Mata da furanni a gashi suna ta wucewa, ana kaɗa ƙararrawa, ƙamshin turare ya cika wurin. Sai na bar maka hannun, har muka kai sama.

Ba mu shiga can ciki inda suke ibadarsu ba. Muka tsaya wajen ginshiƙai, kana shafa giwayen da aka sassaƙa, kana mamakin watan da wani bawan Allah ya ɓata a kan kunnen giwa ɗaya, ga shi yau ko sunansa ba a sani ba. Bayan wannan mun ga wasu wuraren bautar uku, kuma ni ce ma nake tambaya gobe ina za mu. Ban taɓa faɗa maka ba, amma duk zamanmu ban yi kwanakin da suka kai waɗannan daɗi ba, da ciwonka da komai.

To ga abu na farko. Hoton nan da mai adaidaita ya ɗauke mu da wayarka, muna tsaye ba takalmi, hannuna a cikin naka, giwar dutse a bayanmu. Ka neme shi har ka gaji, ka ɗora wa waya laifi, ni ma na taya ka zagin waya. Ni na goge shi, Malam. A cikin jirgi, kana barci. Na ji tsoron kada wani ya ɗau wayar ya gani, a ce ga matar Malam a gidan gumaka tana riƙe da miji kamar 'yar fim. Yau da zan ba da duk kayan ɗakina a dawo mini da shi, da na bayar.

Da muka dawo ka ce tattaki ba fashi. Ka zaɓi dutsen nan na hanyar Kutama, duk Alhamis da Juma'a da ba makaranta, da an yi asuba gari ya fara haske. Ka ce tare za mu riƙa hawa. Ka san abin da ya biyo baya. Aka ce Malam ya dawo da ɗabi'ar Turawa. Mata a gidan suna suka riƙa tambayata me muka yar a kan dutse da muke nema duk sati. Sai na ƙirƙiro dabara: in bar ka ka yi gaba da taku goma, in biyo ka da fulas da kwano a ka, kamar mai kai abinci gona. Kai ka rage sauri don in iso, ni ma in rage. Haka muke tafe kamar masu gaba, sai mun kai can sama inda ba ido, sannan in zauna kusa da kai. Ka zuba mana shayi, ka nuna mini garin Kara, ka nuna Sabon Birni, ka nuna hanyar Kabo ka ce ga inda aka yi maka wayo aka ba ka mata mai tsoron inuwarta.

Ga na biyu, shi ne ya fi nauyi. Alhamis ɗin ƙarshe, da kaka, ana yankan dawa a gindin dutsen. Mun zo wurin nan mai tsayi da sai an ɗaga ƙafa sosai. Ina jin hakinka daga inda nake. Ka tsaya, ka juyo, ka miƙo mini hannu. Na ga hannun sarai. Na kuma ga masu yankan dawa sun miƙe tsaye suna kallonmu. Sai na shiga gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Hannunka ya ɗan jima a haka, sannan ka dafa dutse kamar dama abin da ka yi niyya ke nan. Ka yi murmushi, ka ce na yau ya isa. Ba ka taɓa tada maganar ba. Kwana tara bayan nan muka rabu.

Na san ajali ba ya jiran hannun kowa, ba cewa nake ni na jawo ba. Amma tambaya ɗaya ta hana ni sukuni. Jiri ne ya ɗebe ka kake neman abin dafawa? Ko kuwa Indiya ka tuna? Na juya ta ta kowace fuska, ban ga wadda ta fi sauƙi ba. A asibiti na riƙe hannun nan wuni guda, a gaban likitoci da 'yan'uwanka, ban ji kunyar kowa ba. To me ya amfana, kai ba ka san ma ina wurin ba?

Ranar addu'ar bakwai ɗaya daga cikin masu yankan dawar ya zo, wani dattijo daga Kutama. Ya yi mini gaisuwa daga bakin zaure. Ya ce duk ranar da suka hango mu muna hawa sukan dakata da aiki don sha'awa, har ya taɓa ce wa iyalinsa su zo su ga yadda ake zaman aure. Ka ji mutanen da na ji wa tsoro, Malam. Sai amin na yi ta faɗa ba tare da ya yi addu'a ba.

Alhamis ɗin da ta wuce na koma dutsen, ni kaɗai, ba fulas ba kwano. Na yi hutu huɗu kafin in kai wurin nan. Gwiwa ta ƙi ɗaguwa. Akwai masu noman farko a ƙasa, na ga sun ɗago kai. Na tsaya daidai inda na tsaya ranar, na miƙa hannu inda kake, ban sauke ba sai da ya yi sanyi don kansa. Sannan na juyo gida.

Ka yafe mini, Malam. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a inda ba rabuwa. In Ya ƙaddara mun haɗu, ka sake miƙowa sau ɗaya kawai.

Na gaji, zan ajiye alƙalami.

Matarka da ta saba tafiya a bayanka,
Binta