Ƙwan Dinya Ƙarƙashin Rumbu

Yaya Hadiza, ina gaishe ki. Ina gajiya, ina maigida da yara? Mu nan Filinge lafiya lau.

Farar kazar da kinka bar mini ta hau kwanci. Na sa mata ƙwan dinya biyu, agwagwar dajin nan, na ɓoye ta ƙarƙashin rumbu, don gardi, dogarin Nasara, yana bi gida-gida yana kwasar kaji. Maƙwabciyata Ladi kaɗai ta gani, ran da ta zo aron rariya. Washegari gardi ya shigo, bai tambayi kowa ba, sai rumbu. Ya kwashe kaza da ƙwai.

Jiya na ga ɗan dinya yana bin kazar Ladi. Wai tsintuwa ta yi!

Gaida Inna. Ki roƙa mini Allah ya kama bakina. Rariyar ma ba ta maido ba.