Ruwan Da Ya Hana Mahaifina Shiga Gidana

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfaninmu na sayen gyaɗa da fata, reshen Yerwa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke cin abinci a ƙarƙashinka. Mai wannan takarda Habu ne, direban babbar motarku mai koren kai, wadda ke kai gyaɗa Jos ta komo da gishiri da kananzir. Shekarata tara ina riƙe da sitiyarin kamfani. Ka san ni ko da ba ka riƙe sunan ba. Ni ne na jawo ƙaramar motarka daga cikin yashi a hanyar Khaddamari, kana ta sa mini albarka da 'yar Hausarka mai daɗin ji.

Kada ka ga takarda a jarida ka zaci faɗa na zo yi. Albishir na kawo. Sai dai akwai ƙorafi a gaban albishir ɗin, kuma sau biyu ina miƙa shi ta hannun babban akawu, shiru kake ji. Shi ya sa na biyo ta nan, inda ba mai jefa maganata a aljihun tebur.

Tun da na yi aure nake haya a unguwar Lamisula, ɗaki biyu da zaure, fam guda da sule goma a wata. Zauren na mahaifina ne, Malam Sani, wanda ya taso daga Kano yana saurayi don neman karatu, ya auri mahaifiyata a nan, ya zauna. Ya tsufa yana karantar da mutane, bai taɓa kwana a ɗakin da zai ce nasa ba ne. Halin haya kuwa ka san shi: ka shekara goma kana biya, ko ƙusar da ka kafa a bango ba taka ba ce. Da aka fara zancen layin dogo zai iso garin nan, mai gidanmu ya fara gaishe ni da labarin baƙi masu neman wuri, da abin da suka ce za su biya. Saboda haka ranar da aka sanar kamfani ya gina gidaje a Maisandari zai sayar wa ma'aikatansa a biya kaɗan-kaɗan, da gudu na isa gida. Matata Yagana ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Ga ƙorafin nawa filla-filla.

Na ɗaya. Bayan Sallar layya ta bara, babban akawu ya tara mu a rumfar gareji ya yi mana bayani da Hausa. Kuɗin gida fam ɗari biyu da arba'in. Za a ba da fam arba'in kafin alƙalami, wanda na haɗa da kwasar adashina da kuɗin saniyar Yagana. Sauran fam ɗari biyun shi ne uwar kuɗi, za a riƙa cire fam huɗu a albashi har wata hamsin. Takardar gida kuma tana jingine a wurin kamfani sai an gama biya. Duk wannan mun gane, mun yarda. Daga nan ya jero abin da za a riƙa cirewa kowane wata: haraji sule shida, uwar kuɗi fam huɗu, kuɗin ruwa sule goma.

Ranka ya daɗe, ni Hausa ba a kasuwa na tsince ta ba, a bakin mahaifina na sha ta. Na san masu ba da rance suna kiran abin da ke hawa kan bashi ruwa. Shi ya sa na ɗaga hannu a gaban kowa na ce, "Malam akawu, ruwan famfo ne?" Ban yi tambayar banza ba, don a kwanakin nan ana ta haƙa ana binne bututu a bakin babbar hanya, kowa yana gani. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ruwa dai, Habu, ruwa. Kowa yana biya. Sa hannu a nan, mutane na jira." Sai na sa hannu. Wanda aka lissafa masa ruwa kusa da haraji, ga bututu kwance a bakin hanya, me zai zata?

Yawancin waɗanda suka sa hannu ranar nan Barebari ne, Hausarsu ta ciniki ce da gaisuwa. Ba Modu makanike, maƙwabcina yanzu, ya ce mini a harshensu abin da ake kira nji, wato ruwa, abu ɗaya ne tak, shi ne wanda ake sha. Mutumin nan ya sayi kan famfo a Kasuwar Litinin, ya goge shi yana walƙiya, ya haƙa lambatu daga bakin hanya har tsakar gidansa, ya kuma sa matarsa ta sallami ɗan ga-ruwansu. Lambatun yana nan har yau, awakin unguwa ke kwanciya a ciki.

Na biyu. Albashina fam goma sha huɗu ne a wata. Mu direbobi muna ce masa albashin baki, don a baki kawai ake jin sa. Wanda ke shiga aljihu, albashin hannu, fam tara ne da sule huɗu. Ban yi kuka da haraji ba, ƙasarmu ce yanzu, kuma gara a cire shi tun daga ofis da a biyo ni gida. Ban yi kuka da fam huɗun ba, don duk wata ina jin wani yanki na bangon ya zama nawa, abin da ban taɓa ji ba a Lamisula. Sule goman nan ma da daɗin rai na riƙa bayarwa, ina cewa Yagana ta kusa hutawa da jiran ɗan ga-ruwa.

Na uku. Muka tare. Malam ya shiga zaure da ƙafar dama, ya yi addu'a, ya jera littattafansa a kan wani ɗan katako da na kafa masa. Na ga tsohon nan yana shafa bango da tafin hannu lokacin da ya zaci ba mai ganinsa. Wata ya bi wata, ba famfo ba dalilinsa, muna biyan ruwa a ofis muna kuma sayen na tulu a ƙofar gida. Da abin ya ishe mu, ni da Ba Modu muka je ofis tambayar yaushe za a jawo mana bututu. Ƙananan akawuna suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wani mai kirki a cikinsu ne ya ja mu gefe ya ce ruwan bashi ne muke biya. Ya ƙara da cewa in rashin lafiya ta kwantar da mutum albashi ya tsaya, ruwan ba ya tsayawa, hawa yake yi kan na baya. Ba Modu sai faɗin "Wushe, wushe" yake yi, wato sannu-sannu da Barbarci, kamar mai yi wa kansa jaje.

Ban iya ɓoye wa Malam ba. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya naɗe buzunsa, ya ɗauki butarsa, ya ɗaure littattafansa, ya ce, "Kai an rufe ka ne, Allah ya sani. Ni kuwa yanzu na sani, ba zan kai goshina ƙasa a cikin riba ba." Ya fita. Tun daga ranar bai ƙetare dokin ƙofata ba. Kwana yake yi a zauren Goni Bukar, abokin karatunsa, da rana kuma ya zo ya zauna a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidana. Can Yagana ke kai masa abinci, yana karɓa, don ya ce albashin tuƙi halas ne. Ka dubi wannan abu, ranka ya daɗe. Na sayi gida don mahaifina ya samu wurin kansa, sai ga shi a waje, masu wucewa suna kallon sa suna kallon ƙofata. Kunyar ta ishe ni, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai. Ɗakinmu na Lamisula an ba wani tun ranar da muka fita, da kuɗin da ya ninka namu. In na mayar muku da gidan, fam arba'in ɗina da abin da na biya ban san makomarsu ba, akawu kuma ya ƙi faɗa mini.

Na huɗu, kuma shi ne albishir. Ashe zaman da tsofaffin nan biyu, Malam da Goni Bukar, suke yi a gindin bishiya ba hira suke ba, littattafai suke dubawa. Da suka gama suka je suka tambayi wani babban malami masanin shari'ar ciniki, ya tabbatar musu. Ranar Juma'ar da ta wuce na dawo daga Jos, ko kashe mota ban gama yi ba aka ce Malam yana nemana. Na tarar da shi yana murmushi, abin da na manta rabon da in gani. Ga abin da suka gano.

Gidan nan naku ne, ku kuka gina shi. Ba kuɗi kuka ranta mini na je na saya a wurin wani ba. Mai kaya kuwa yana da ikon ya ce kayansa kaza ne kuɗi hannu, in kuma bashi ne zuwa ajali, kaza ne, muddin an tsayar da farashi guda tun farko, ba ya ƙaruwa ba ya haihuwa. Sule goma a wata har wata hamsin fam ashirin da biyar ke nan. To ku ɗora shi a kan fam ɗari biyu da arba'in, ku ce kun sayar wa Habu gida fam ɗari biyu da sittin da biyar, iyakarsa ke nan. Zan ci gaba da biyan fam huɗu da sule goma duk wata yadda nake yi. Ko anini kamfani ba zai rasa ba. Abu ɗaya kawai zai fita daga takardar, wato hawan ruwa kan wanda ciwo ya kwantar. Kuma kada ku ji tsoron wannan, takardar gida tana hannunku, albashinmu ma ta hannunku yake biyowa.

Da na ji haka sai da na ce su maimaita. Goni Bukar ya sake yi mini da Barbarci, Malam ya sake da Hausa, lissafin bai canja ba. Na rungume Ba Modu, wanda ke tsaye a wurin da baƙin mai a jikinsa, rigata ta ɓaci, ban damu ba. Malam ya ce, "In sun yarda, ni zan fara shiga." Wallahi, ranka ya daɗe, tun ranar nake tuƙi ina waƙa, yaran mota suna zaton na sha wani abu.

Wani zai ce ai duk ɗaya ne, tunda kuɗin bai ragu ba. A wurin akawu ɗaya ne. A wurinmu ɗayan ciniki ne, ɗayan riba, kuma tsakaninsu ne mahaifina yake zaune a rana.

Saboda haka ga roƙona.

Na farko, a sake rubuta takardar gidana a matsayin ciniki da farashi guda, a lissafa sule goma-goman da na riga na biya a cikin kuɗin gida.

Na biyu, a yi wa duk ma'aikacin da ya so haka. Ba ni kaɗai ba ne, wasu ba su gaya wa iyayensu ba ne kawai.

Na uku, nan gaba in za a sa mutum ya sa hannu, a karanta masa da Hausa da Barbarci, a kira kowane abu da sunansa. Haraji haraji, haya haya, riba kuma a ce riba, kowa ya shiga da idonsa a buɗe. Ban nemi a kori akawu ba, shi ma yana da iyali. Ina so dai a gaya masa in mutum ya yi tambaya, a ɗago kai a ba shi amsa.

Na huɗu, in da hali a taimaka a jawo mana famfon na gaske. Wannan ruwan za mu biya da hannu biyu, lambatun Ba Modu ma a shirye yake.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma darbejiya ba ta tare ruwan sama. Yagana kuma wata ya kama, yau ko gobe take. Ɗan fari ne bayan dogon jira, kuma Malam ne zai yi masa huɗuba ya raɗa suna. Ba na so a fito da jariri bakin hanya don kakansa ya gan shi. In ka sa hannu kafin nan, kai ma muna gayyatarka suna, cinyar rago taka ce, za ka kuma ga tsoho yana karɓar baƙin suna a zauren kansa karo na farko a rayuwarsa.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya albarkaci kasuwar kamfani, ya kare motocinmu a hanya, ya ba ka 'ya'ya masu jin ƙanka yadda nake so in ji ƙan nawa mahaifin. Zauren na share shi, na shimfiɗa sabuwar tabarma, ban bar kowa ya zauna a kanta ba. Katakon littattafan yana nan inda na kafa shi. Malam kuma yana can gindin bishiya, littattafansa ɗaure a gefensa, duk motar da ta tsaya sai ya ɗago kai ya duba ko daga ofis ce.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habu Direba,
Maisandari, Yerwa.