Tsokar Inna a Kan Gilashi

Auta,

Gaisuwa mai yawa gare ka, da fatan kai da maiɗakinka kuna lafiya.

Ruwan ƙirjin Inna ya sake taruwa, an sake zuƙe shi. 'Yar tsokar da suka tsakuro daga gefen huhunta kuwa har yau shiru. Na je ɗakin gwaji, wata mai farar riga ta leƙo ta taga ta ce wai za su ƙara rina ta, sai ka ce zane na kai musu. Kai da kake irin wannan aikin, gaya mini gaskiya: ɓatar da ita suka yi, ko sun ga abin da ba sa son faɗa? Tsoro nake ji, abinci ma ba ya wuce mini. Baba kullum yana kan bencin ƙofar ɗakin da aka kwantar da ita a asibiti, rungume da takalman Inna kada a yi gaba da su.

Ka amsa da wuri, ban da dogon turanci.
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi wa Inna fatan samun sauƙi.

Ba su ɓatar ba. Tsokar a cikin kaki ake daskarar da ita, a yanka ta fi ɓawon albasa siranta, a ɗora kan gilashi. Rinin farko yana nuna ko ciwon daji ne. Tunda sun nemi ƙari, ina jin sun ga wani abu, ba zan ɓoye miki ba. Amma dajin huhu da dajin tantanin da ya lulluɓe huhu kamanninsu ɗaya a ido, maganinsu kuma daban. Rini na biyu wasu furotin yake farauta. Idan irin su kalretinin suka kama launin ƙasa-ƙasa, alamomin huhu kuma suka ƙi kamawa, to na tantani ne, wanda ake kira mesoteliyoma. Shi nake roƙon Allah kada ya zama.

A gaida Baba. Ki daure ki ci abinci.
Ƙaninki

Auta,

Muna gaisuwa. Na ce ban da turanci, sai da ka yi.

Sakamako bai fito ba, amma likita ya tsare ni da tambaya, wai ko Inna ta taɓa aiki da asbesto. Dariya ta kusa ƙwace mini. Matar da iyakarta kicin da bakin famfo? Na ce masa Baba ne ya ƙare ƙuruciyarsa yana yankan silin asbesto da zarto, ya dawo gida fari fat kamar an tsoma shi a gari, kuma ga shi can garau, ko tari ba ya yi. Likitan bai yi dariya ba. Ya rubuta wani abu, ya ja layi a ƙarƙashi. Me na faɗa?

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa.

Ƙurar a jikin tufafi take bin mutum gida. Kin san yadda Inna take wanki: ba ta yarda ta jiƙa kayan aikin Baba sai ta kakkaɓe su da sanda a lungun bayan kicin, wai kada ƙura ta cinye mata sabulu. Ƙofa a rufe take yi don kada ta shigo mana ɗaki. Ita kaɗai ta shaƙa. Ciwon kan yi shekaru masu yawa kafin ya fito.

Idan rinin ya tabbatar, don Allah a faɗa wa Baba sunan ciwon kawai. Kada a bari ya san ta inda ya shigo, ba zai iya ɗauka ba.

Ƙaninki mai biyayya

Auta,

Tsokar ta kama launin, na tantani ne. Ban samu na tare likitan ba, a gaban Baba ya tambaya wa yake wanke kayan aikin. Nan take Baba ya gane, na tura masa kujera ya zauna. Inna ce ta janye robar numfashi ta dube shi.

Ta ce, "To da wa zai wanke maka?"

Ka nemi hutu ka taho.

Yayarka