Takin Sani a baƙar leda

Daren Lahadi, Birnin Kudu

Alhamdulillahi, ƙanena Sani yana gida, ya ci tuwo ya kwanta. Ni ce barci ya ƙi ɗauka.

Da hantsi sojoji suka tare shi a shingen hanyar Gwaram. Shi da abokan nomansa na Basirka sun haɗu sun sayi buhun taki guda, kamar kowace damina, ya raba wa kowa nasa a baƙar leda, ya ɗaure a bayan babur. Ina Sani ya san da irin wannan takin ake haɗa bam? Da aka bugo mini waya, Yaya Habu na tuna, wanda aka kama a shinge shekarun baya, ba mu ƙara ganinsa ba. Har yau Inna ta hana a taɓa rigunansa.

Amma Sani ko mari ba a yi masa ba. Babban sojojin ya zaunar da shi a inuwa, ya kira mai unguwarsu a waya, ya sallame shi kafin la'asar. Wai har ya ce masa, "Malam, Turawan da suka ba mu motocin nan sun ce in muka ci zalin farar hula, ba za su ƙaro mana wasu ba."

Na gode wa Allah, na gode wa sojan nan, har Turawan ma na yi musu fatan alheri. Sai dai abin yana cina. Ashe da motocin sun zo da wuri, da Yaya Habu ma ya ci tuwo da mu yau.