Muryar Baba a Gajeren Zango

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma lafiya, sai dai abin da ba a rasa ba.

Baba ya ce zai shiga gasar rediyo ta bana. Ka dai san ta: kowa ya zauna gaban na'urarsa ya yi ta kiran duniya, wanda ya fi samun masu amsa masa shi ne gwani. Tun bayan shanyewar jikin nan hannunsa ya ɗan saki, amma harshen yana nan da nauyinsa. Ni da nake tare da shi kullum, sai na kalli bakinsa nake gane maganarsa. Na ce ya bari in riƙe makirufo, shi ya riƙa murɗa na'urar. Ya ce, "Rukunin mutum ɗaya na shiga. Ko ruwa za ki miƙo min sai na duba doka." Ya yi dariya, rabin fuskarsa bai bi shi ba.

Iska ta karya eriyar na'urarsa da ke kan rufi kwanakin baya. Mai walda ya hau rufi ya gyara, Baba yana ƙasa yana yi masa nuni da sanda.

Na san rabonku da magana tun ranar da ka ce ya sayar da kayan ya koma wurinka. Amma ƙaramar na'urar da ya haɗa maka tana nan, ko? Ka kunna ta ranar gasar. In ba wanda ya amsa masa, kai ka amsa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na samu wasiƙarki, na gode. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba in zai karɓa.

Abin da kike nema ya saɓa wa dokar gasar. Ba a shirya kira a bayan fage, kuma in ya sani da hannunsa zai soke shi. Maganata kuwa tana nan. Mutumin da ba ya iya saka maɓallin rigarsa bai kamata ya wuni shi kaɗai kina wurin aiki ba. Ɗaki yana nan a gidana, sai dai mai benen da muke haya ba ya yarda a kafa eriya.

Na'urar tana saman kabad. Zan duba ko tana kamawa. Ban yi alkawari ba.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ku duka. An yi gasa an gama.

Tun safe ya sa abin ji a kunne, ya yi ta faɗin lambar kiransa har muryarsa ta dusashe. Ni ba na jin abin da yake ji, ina dai leƙowa daga ƙofa. Fis ɗin na'urar ya ƙone da rana, ya canja shi da hannu ɗaya, ya hana ni taɓawa. Wajen la'asar sai na ga ya daina kira, ya daɗe yana kallon na'urar, sannan ya kashe ta.

Na ce, "Baba, yaya?"

Ya ce, "Sama a rufe take yau. Ba kowa."

Ka san yadda yake cewa wata rana saƙo ya ƙetare teku, wata rana ko bayan gari ba ya kaiwa. Na ba shi haƙuri, na ce baɗi ma rana ce. Kai kuma ashe ba ka kunna ba. Ba komai, Allah ya bar zumunci.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na kunna.

Sama ba ta rufe ba. Rabon da in ji ta a buɗe haka tun muna yara. Na jefa wayar ƙarfe ta taga a madadin eriya, sai ga muryarsa kamar yana tsakar ɗakina. Mutane sun amsa masa, Auta, da yawa. Kowa sai ya ce, "Maimaita lambarka." Ya maimaita. Su sake tambaya, ya sake. Daga nan su yi gaba, don gasa ba ta jira. Ni kaina da na haddace lambar tun kafin in iya karatu, ban gane ta a bakinsa ba.

Wajen la'asar na kasa daurewa, na kira shi. Na faɗi lambarsa daidai, na faɗi tawa, na ce, "Ina jin ka sosai, Baba." Na ji ya danna makirufo, na ji numfashinsa. Sai ya saki.

Ban sani ba ko gyara na yi ko ɓarna. Kada ki nuna masa kin sani.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban ce masa komai ba.

Jiya ya aika aka kira mai walda, aka sauke eriyar. Bai fito ba, yana ɗaki har aka gama. Da na kai masa magani ya ce in rubuto maka, ka zo ka ɗauke shi ƙarshen wata.

Na ce, "Baba, na'urar fa?"

Ya ce, "Ki rufe ta da zane."

Ka zo da mota babba, saboda kujerarsa mai taya.

Auta